Tatsuniyoyi masu ɗaci da ake sake rubutawa don matasa

Wannan reshe ne na adabin matasa a ƙasashen Turai, Amurka da Ostireliya, inda marubuci ke ɗauko tsohuwar tatsuniya ya mayar da ita cikakken littafi, ya fito da zalunci, tsoro da cin zarafin da ke cikinta a fili. Yawanci ana nufin masu karatu 'yan shekara 14 zuwa 18, amma manya da yawa na karanta su.

Asalinsu

Ɗacin da ake zargin marubutan zamani da ƙara wa tatsuniyoyin nan tun asali yana cikinsu. A labarin yarinya mai jar hula da Charles Perrault ya wallafa a Faransa a 1697, kyarkeci ya cinye yarinyar, labari ya ƙare a nan, babu mai ceto. 'Yan'uwan nan biyu na Jamus, Jacob da Wilhelm Grimm, sun fitar da tarin tatsuniyoyinsu a 1812, suka yi ta gyara shi har bugu na bakwai a 1857. A bugun farko na labarin yarinyar da ake kira Snow White, mahaifiyarta ce da kanta ta sa a kashe ta, sai a 1819 aka mayar da ita matar uba, mai yiwuwa don kada a ɓata sunan uwa. Amma hukuncin muguwar bai canza ba: an sanya mata takalman ƙarfe da aka gasa a wuta, ta yi ta rawa har ta faɗi matacciya. A labarin Cinderella kuwa, ɗaya daga cikin 'ya'yan matar uban ta yanke babban ɗan yatsan ƙafarta, ɗayar ta yanke diddige, don takalmin da yarima ke neman mai shi ya shiga. Fim ɗin Snow White da kamfanin Disney ya yi a 1937 da waɗanda suka biyo shi ne suka wanke labaran har mutane suka ɗauka haka suke tun fil azal.

Yadda masu karatu ke karɓarsu

Ɗaya daga cikin misalan da ake kawowa shi ne Tender Morsels na Margo Lanagan, 'yar Ostireliya, wanda ya fito a 2008. An gina shi a kan tatsuniyar Grimm ta 'yan mata biyu da beyar. Jarumar, Liga, yarinya ce da mahaifinta ya lalata, daga baya samarin ƙauye suka yi mata fyaɗe. Ta tsere zuwa wata duniyar sihiri da babu mai cutar da ita, ta rene 'ya'yanta biyu a can, Branza da Urdda. Littafin ya samu yabo a gasar Printz ta littattafan matasa a Amurka a 2009, amma ya raba kan masu karatu. Wasu sun ajiye shi tun surorin farko, suka ce ba abin da za a miƙa wa yaro ba ne. Wasu kuma, ciki har da waɗanda irin haka ta taɓa faruwa da su, sun ce shi ne ya faɗi abin da suka kasa faɗa.

Rigimar ta ƙara zafi a farkon 2011, lokacin da mujallar Bitch ta Amurka ta cire shi daga jerin littattafai 100 da ta zaɓa wa matasa, saboda wani wuri da aka rama fyaɗe da fyaɗe. Marubuta irin su Scott Westerfeld suka ce to a cire nasu ma. A watan Yuni na shekarar, Meghan Cox Gurdon ta rubuta a jaridar Wall Street Journal cewa adabin matasa ya cika muni, dubban masu karatu kuma suka mayar mata da martani a Twitter.

Wasu marubuta da mawallafa dai kan saka gargaɗi a shafin farko, suna faɗin cewa akwai fyaɗe, kisan kai ko zubar da jini a ciki, don mai karatu ya san abin da zai tarar kafin ya fara.