Tsimin Feshi na Gida: Abin da Yake Iya Yi wa Amfanin Gona da Abin da Ya Fi Ƙarfinsa

Tun da kuɗin maganin ƙwari ya yi tashin gwauron zabo, masu noman rani a Dadin Kowa da Kwadon da bakin madatsar ruwa ta Balanga a jihar Gombe suka fara waiwayar haɗe-haɗen da ake tsimawa a gida, irin waɗanda ake yi da madara da ruwan wankin shinkafa da mazarƙwaila da ganyen darbejiya. Wasu na cewa sun ga amfaninsu, wasu kuma na cewa ɓata lokaci ne kawai. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda manoma suka fi maimaitawa a kan wannan batu.

Tambaya: Mene ne wannan tsimi, kuma me ke yin aiki a cikinsa?

Amsa: Ruwa ne da aka bari ya yi tsami da gangan domin wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani su hayayyafa a cikinsa, sannan a sirka shi da ruwa mai yawa a fesa wa shuka. Waɗannan halittu ba baƙi ba ne a gidajenmu. Su ne ke mayar da madara ta zama kindirmo, su ne kuma ke sa ƙullun koko ya yi tsami idan ya kwana biyu, kuma akasarinsu bakteriya ne masu cin sukari su fitar da sinadari mai tsami, tare da yis irin na burodi. Ko daddawa ma wata bakteriya ce mai suna Bacillus subtilis ke nunar da kalwarta, kuma wasu zaɓaɓɓun nau'o'in wannan bakteriya kamfanoni na sayar da su a matsayin maganin cututtukan ganye. Ke nan ilimin tsimawa ya daɗe a hannun iyayenmu mata, abin da yake sabo shi ne kai shi gona.

Tambaya: Daga ina wannan dabara ta samo asali?

Amsa: Ta zo ta hanyoyi uku da suka fi shahara. A Japan, Farfesa Teruo Higa na jami'ar Ryukyus da ke Okinawa ya fito da haɗin ƙananan halittu masu amfani da ake kira EM a farkon shekarun 1980. A Koriya ta Kudu, Cho Han-kyu ya koyar da manoma tun daga shekarun 1960 yadda za su kamo ƙananan halittun yankinsu da dafaffiyar shinkafa da jan sukari. A Indiya kuwa, Subhash Palekar ya yaɗa haɗe-haɗen kashin shanu da fitsarinsu da ganyen darbejiya, waɗanda manoma da yawa a can ke amfani da su.

Tambaya: Tunda ba guba ba ne, ta yaya zai kare shuka?

Amsa: A nan ne ya kamata manomi ya tsaya ya fahimta da kyau, domin yawancin ɓacin ran da ake samu daga rashin fahimtar wannan yake fitowa. Fuskar ganye wuri ne da halittu ke zama, kuma abincin da ke kanta kaɗan ne. Idan ƙwayar cutar fumfuna ta sauka a kan ganyen tumatir ko na kankana ta tarar da wasu halittu sun riga ta cika wurin, suna cinye ɗan abincin da ke akwai, suna kuma fitar da tsamin da ba ta so, sai kamuwarta ya yi wuya. Haka kuma akwai shaidar cewa wasu daga cikin waɗannan halittu na zaburar da shuka ta shirya kariyar jikinta tun kafin cuta ta iso. Wannan hikima ta riga abokin gaba kama wuri ita ce cibiyar binciken aikin noma ta IITA da ke Ibadan ta yi amfani da ita wajen ƙirƙiro Aflasafe, inda ake watsa wa gonar masara ko gyaɗa fumfunar da ba ta da guba domin ta danne mai gubar. Bambancin shi ne su sun tantance nau'in da suke so a ɗakin gwaji, mai tsimi a gida kuwa duk abin da ya faɗa cikin tulunsa shi zai hayayyafa.

Saboda haka aikin tsimi riga-kafi ne, kuma ya fi tasiri a kan cututtukan da ke zama a saman ganye. Misali mafi ƙarfi shi ne cutar nan da ke sa ganyen kabewa da kokwamba da kuɓewa su yi fari kamar an barbaɗa musu toka. A 1999 wani mai bincike a Birazil, Wagner Bettiol, ya nuna cewa fesa ɗanyar madarar shanu da aka sirka da ruwa, ba wadda aka tsima ba, kashi 10 cikin 100 zuwa sama, sau biyu a mako, na rage wannan cuta a kan wani nau'in kabewa kamar yadda maganin kanti ke yi. Amma adalci ne a faɗi ɗaya ɓangaren: gwajin shekara 4 da aka yi a ƙasar Suwizalan, wanda aka wallafa a 2010, bai ga ƙarin amfanin gona da za a danganta wa halittun EM su kansu ba. A ganina duk wanda ya ce wa manomi tsimi zai ninka masa buhunan da yake samu, ya faɗa masa abin da babu hujjarsa.

Tambaya: Yaya ake haɗa shi?

Amsa: Mafi sauƙi kuma mafi tsabta shi ne na madara. A ɗebi ruwan wankin shinkafa na farko, mai kauri, a zuba a roba mai tsabta ba tare da an cika ta ba, a rufe bakin da ƙyalle a ɗaure, a ajiye a inuwa kwana 3 zuwa 5 har ya fara ƙamshin tsami. Sai a tsiyaye ruwan tsakiya, a bar abin da ya taso sama da wanda ya kwanta ƙasa, a haɗa awo 1 nasa da awo 10 na ɗanyar madara. Bayan wasu kwanaki madarar za ta rabu, gudaji su taso sama, wani ruwa mai launin rawaya ya tsaya a ƙasa, kuma wannan ruwan shi ake nema. A tace shi da ƙyalle mai laushi. Wanda yake so ya ajiye shi na watanni sai ya narka mazarƙwaila daidai nauyinsa a ciki, domin yawan sukari na sa halittun su lafa ba tare da sun mutu ba.

Wanda ba shi da shinkafa zai iya fara tsimin da ruwan da ke tasowa a kan ƙullun koko ko ɗan kindirmo, tunda dangin halittun ɗaya ne. A zafin watan Maris da Afrilu na Gombe aikin kan kammala da wuri, a hunturu kuma yakan ja lokaci, don haka hanci da ido sun fi ƙidayar kwanaki amfani. Abu biyu ke yawan ɓata shi tun daga farko. Na ɗaya madarar saniyar da ake yi wa allurar kashe ƙwayoyin cuta, domin ragowar maganin na hana ta yin tsami. Na biyu ruwan famfo mai sinadarin kulorin, wanda ya kamata a bar shi ya kwana a buɗe kafin a yi amfani da shi. Kada kuma a toshe jarka gam, domin iskar da tsimi ke fitarwa na iya kumbura ta har ta fashe.

Wajen feshi, awo 1 na tsimin da aka sa wa mazarƙwaila ake zubawa a awo 500 na ruwa, wato kimanin babban cokali 2 a famfon goyo mai cin lita 16. Mutane da yawa na ƙara yawan awon da tunanin zai fi ƙarfi, alhali tsami da sukari idan suka yi yawa suna ƙona ganye mai taushi, suna kuma gayyato tururuwa da baƙar fumfuna.

Tambaya: Ta yaya za a gane ya lalace?

Amsa: Mai kyau ƙamshinsa irin na kindirmo ne ko na ƙullu. Idan ya koma warin ruɓaɓɓen ƙwai ko na mushe, ko fumfuna baƙa ko koriya ta rufe samansa, a zubar da shi nesa da rijiya a sake sabo.

Tambaya: Zai kashe tsutsar masara da sharon na tumatir?

Amsa: Tsimin madara shi kaɗai ba zai kashe su ba, kuma wannan ita ce amsar da manoma ba sa son ji. Tsutsar masara, wadda aka fara ganin ta a Nijeriya a farkon 2016, tana shigewa cikin naɗin ganye ta ɓuya, ita kuma sharon, wato ƙaramar tsutsar da ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna a wannan shekarar, tana shiga tsakanin fatar ganye biyu ne ta yi ta ci. Bakteriyar da ke kashe tsutsa da gaske ita ce Bacillus thuringiensis, wadda ake taƙaitawa Bt, kuma a masana'anta ake noma ta, ba za ta fito daga ruwan shinkafa ba.

Idan ana maganar ƙwari, abin da ke aiki a yawancin haɗe-haɗen gida shi ne darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro ko maina. Sinadarinta mai suna azadiraktin na hana ƙwaro cin abinci, yana kuma hana tsutsa sauya fata ta girma, kuma ya fi yawa a cikin ƙwallon 'ya'yan fiye da ganye. A ɓare busassun 'ya'yan, a daka giram 500 na ƙwayar ciki, a jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana, a tace sosai, a narka ɗan sabulun salo domin ya kama ganye, a fesa a ranar. A nan doguwar tsima ba ta da amfani, domin sinadarin na raguwa idan ya daɗe a ruwa, hasken rana ma na lalata shi cikin 'yan kwanaki. Yana taimakawa a kan darɓa da farin ƙuda da ƙananan tsutsotsin da ba su daɗe da ƙyanƙyashewa ba, amma ba ya kayar da ƙwaro nan take, sai bayan kwana biyu ko uku ake lura ɓarna ta tsaya. A masara dole a saita bakin famfo cikin naɗin ganyen, in ba haka ba an yi wa iska feshi.

Akwai wata dabara da Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke ambata a koyarwarta ga manoma, wadda ta fi kowace cancantar sunan feshin ƙananan halittu na gida. Wani lokaci manomi kan tarar da tsutsa ta mutu da kanta a gona, ko dai ta yi laushi tana rataye kanta a ƙasa, ko ta sandare farin gari ko kore ya lulluɓe ta. Cuta ce ta kashe ta. Idan aka tattara irin waɗannan aka murƙushe su a ruwa, aka tace aka fesa a kan masarar da ke da tsutsa, ana yaɗa wa sauran cutar ne. Sharaɗin shi ne a tabbata ba maganin kanti ne ya kashe su ba.

Tambaya: To haɗin kashin shanu da fitsari fa?

Amsa: A matsayin abin zubawa a gindin shuka domin ƙarfafa ƙasa yana da gurbinsa, amma ina jan kunne sosai game da fesa shi a kan abin da ake ci ɗanye. Ɗanyen kashin dabba na iya ɗauke da ƙwayoyin cuta irin su E. coli da Salmonella, kuma idan aka zuba masa sukari aka bar shi a ɗumi, su ma hayayyafa suke yi tare da masu amfanin. Latas da kabeji da kokwamba da tumatir da ake tsinka a lambu da safe su isa babbar kasuwar Gombe kafin azahar ba za a dafa da yawansu ba, yara ne za su ci su a kwaɗo. Wanda zai yi irin wannan haɗi ya tsaya a kan masara da dawa da auduga, ko ya zuba a ƙasa tun shuka na ƙarama. Ganyen taba ma da wasu ke jefawa a tsimi a guje shi, domin gubarsa na shiga ta fatar mai feshi, kuma yana iya ɗauko cutar da ke sa ganyen tumatir da barkono dabbare-dabbare.

Tambaya: Yaushe ne lokacin feshi?

Amsa: Da yamma bayan la'asar, lokacin da rana ta yi sanyi kuma ƙudan zuma sun ragu a kan fure, domin zafin rana na kashe halittun kafin su kama wuri. A jiƙa ƙarƙashin ganye, tunda a can darɓa da farin ƙuda ke zama. A maimaita duk mako, kuma a sake idan ruwan sama ya wanke. Famfon da aka taɓa zuba wa maganin ciyawa kada a yi amfani da shi ko da an ɗauraye, gara a keɓe wani daban.

Tambaya: Ta yaya manomi zai tabbatar ko yana yi masa aiki, kuma yaushe zai haƙura ya nemi wani magani?

Amsa: Gonarsa ce za ta ba shi amsa, muddin ya tambaye ta yadda ya dace. Ya ware kunya 10 ya riƙa fesa musu tsimi, ya bar wasu 10 kusa da su babu feshi, iri ɗaya, taki ɗaya, ban ruwa ɗaya, sannan ya auna abin da kowane ɓangare ya bayar lokacin girbi. Wanda ya fesa wa gonar gaba ɗaya ba zai taɓa sanin ko tsimi ne ya taimaka ko shekarar ce ta zo da sauƙin ƙwari ba. Sannan ya riƙa zagaya gonar aƙalla sau ɗaya a mako, yana tsayawa a wuri 5 daban-daban yana duba shuka 10 a kowane wuri. A ƙaramar masara, idan 10 daga cikin 50 ɗin nan suka nuna sabon cizo da kashin tsutsa a naɗin ganye, lokacin riga-kafi ya wuce. A nan sai ya nemi malamin gona na shirin raya aikin noma na jiha, ko ya kai samfurin ganyen Kwalejin Tarayya ta Noman Lambu da ke Dadin Kowa, a faɗa masa maganin da ke da rajistar NAFDAC wanda ya dace da wannan ƙwaro, da awonsa, da kwanakin da zai jira kafin ya girbe.