Banɗakin makaranta: a raba na mata da na maza ko a haɗe? Tambayoyi da amsoshi

Shekara goma ke nan ana ta kai ruwa rana a Amurka da Birtaniya a kan banɗakunan makarantu. Maganar ta shiga majalisu, ta shiga kotuna, har ta zama abin yaƙin neman zaɓe. Wanda ya ji labarin daga nesa zai ɗauka abu ɗaya ake jayayya a kai, alhali batutuwa biyu ne suka cakuɗe.

Wai mene ne banɗakin haɗaka?

Iri biyu ne, kuma rashin bambance su shi ke sa mutane su yi ta musu kowa na nufin abu dabam. Na farko ɗaki ne guda na mutum ɗaya: masai da wurin wanke hannu duk suna ciki, ƙofa mai sakata, wanda ya shiga ya kulle. Irin wanda ke cikin jirgin sama ke nan, ko na gida da kowa ke shiga bi da bi. Wannan ba shi da abokin faɗa sosai.

Na biyu shi ne babban zaure mai jerin ƙananan ɗakuna, yara mata da maza suna shiga ta ƙofa ɗaya, kowa ya kama ɗakin da ya samu, sannan a fito a haɗu a famfunan wanke hannu. A sababbin makarantun Birtaniya da yawa, wurin famfunan a buɗe yake, yana kallon barandar da malamai ke wucewa. A kan wannan ne ƙura ta tashi.

Me ya sa wasu makarantu suka koma haɗawa?

Dalili na farko ba shi da alaƙa da siyasar jinsi. Malamai sun daɗe da sanin cewa banɗakin maza lungu ne da babu idon babba: nan ake dukan ƙananan yara, nan ake zuƙar sigari, nan ake fasa madubi. Masu zanen gini suka ce a cire ƙofar waje, a bar famfuna a fili, a yi wa kowane ɗaki bango da ƙofa daga ƙasa har rufi, ta yadda malami mace ko namiji zai iya sa ido ba tare da ya shiga hurumin kowa ba. Akwai kuma lissafin layi. Idan ɗakunan na kowa ne, ba za a ga 'yan mata sun yi dogon layi lokacin tara alhali ɓangaren maza babu kowa ba.

Dalili na biyu shi ne ɗalibai masu sauya jinsi, wato wanda aka haifa mace yake rayuwa a matsayin namiji, ko akasin haka. Shugabannin makarantu da suka rasa inda za su tura irin wannan ɗalibi sun ga kamar cire allon "maza" da "mata" zai kashe wutar gaba ɗaya. Bai kashe ba.

Su kuma masu adawa, mene ne hujjarsu?

Mafi ƙarfinta jinin al'ada ne. Yarinya 'yar shekara 12 da ta fara haila ba ta son a ji ƙarar ledar audugar mata daga ɗakin da ke maƙwabtaka, ba ta son ta fito da jini a yatsunta ta tarar da 'yan ajinsu maza a bakin famfo. Iyaye a Birtaniya sun yi ta ƙorafin cewa 'ya'yansu mata sun daina shan ruwa a makaranta don kada fitsari ya kama su, wasu kuma suna matse shi har a tashi. Duk likita zai gaya maka cewa riƙe fitsari da ƙarancin shan ruwa suna buɗe ƙofa ga ciwon mafitsara, riƙe bayan gida kuma na jawo taurin ciki.

Sai batun waya. Inda aka tashi tsaye aka sauya allon ƙofa kawai ba tare da an taɓa ginin ba, ɗakunan na da rata a ƙasa da sama, kuma yaro mai waya a hannu ba ya buƙatar fiye da wannan. Ga kuma kukan da 'yan mata ke yi cewa maza na jiƙa bakin masai. Ga 'yan mata Musulmi, ciki har da 'ya'yan Hausawan da ke zaune a can, akwai ƙarin damuwa: gaban madubin banɗakin mata ne wurin da ake cire hijabi a gyara, nan ake naɗe hannun riga a yi alwala. Idan maza na kai-komo a wurin, an ƙwace musu shi ke nan.

Su ma yara maza ba duka ne ke murna ba, sai dai ba a cika tambayarsu ba.

To ai ƙofa daga ƙasa har rufi ta magance duk wannan, ko?

Ta magance leƙe, ta rage jin ƙara. Amma ta zo da nata aibin. Ratar da ake bari a ƙasan ƙofar banɗaki tana da amfani: idan yaro mai farfaɗiya ko asma ya yanke jiki ya faɗi, ta nan ake ganin ƙafafunsa. A ɗakin da aka toshe ruf, yana iya daɗewa a kwance ba wanda ya sani. Haka nan, mutum biyu na iya shiga su kulle, babu mai gani, babu mai ji. Shi ya sa ake son sakatar da malami zai iya buɗewa daga waje idan ta ɓaci. Kuma ƙofar, komai kyanta, ba ta taɓa matsalar famfunan da ake tarayya a kansu ba.

Me doka ta ce a Birtaniya?

A Ingila, dokar gine-ginen makarantu ta 2012 ta ce dole a ware wa yara maza da mata masu shekara 8 zuwa sama banɗakuna dabam-dabam. Togaciya ɗaya ce: ɗakin da aka yi don ɗalibi ɗaya a lokaci guda, wanda ake kullewa ta ciki. A nan masu haɗawa suka sami kafa, suna cewa kowane ƙaramin ɗaki mai cikakkiyar ƙofa ai ɗaki ne mai zaman kansa.

A Sikotilan dokar ta fi tsufa, ta 1967 ce, kuma ta ce rabin banɗakunan na maza ne, rabi na mata. Duk da haka, da aka gina sabuwar makarantar firamare a garin Earlston, sai hukumar yankin ta yi banɗakunan haɗaka zalla. Wasu iyaye suka kai ƙara, hukumar ta amsa a gaban kotu cewa doka ta wajabta mata rabawa, kuma a watan Afrilun 2025 kotun ƙararrakin jama'a ta Edinbara ta tabbatar da haka. Wannan ya zo ne mako guda bayan Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke hukunci, ranar 16 ga Afrilu, cewa "mace" a dokar daidaito ta 2010 na nufin wadda aka haifa mace.

Amurka fa?

Can kowace jiha da kiɗan da take rawa da shi. Tushen rigimar dokar tarayya ce ta 1972 da ta hana nuna bambancin jinsi a makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnati. A watan Mayun 2016 gwamnatin Obama ta rubuta wa makarantu cewa dokar na nufin a bar ɗalibi ya shiga banɗakin jinsin da yake rayuwa a kansa. A Fabrairun 2017 gwamnatin Trump ta janye takardar. Jihar Karolina ta Arewa ta riga ta yi dokar hana hakan a gine-ginen gwamnati a Maris 2016, ta sha ƙauracewar 'yan kasuwa da masu shirya wasanni, ta soke wannan sashe bayan shekara guda.

Kotuna ma ba su yi baki ɗaya ba. Gavin Grimm, ɗalibi a jihar Bajiniya da aka haifa mace, ya kai hukumar makarantarsu ƙara a 2015 don ta hana shi shiga na maza. Kotun ɗaukaka ƙara ta ba shi gaskiya a 2020, Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron ƙarar hukumar a 2021, hukumar ta biya dala miliyan 1.3 kuɗin lauyoyi. Amma a Disambar 2022 wata kotun ɗaukaka ƙarar, a shari'ar wata makarantar Fulorida, ta ce raba banɗaki bisa jinsin haihuwa bai saɓa wa doka ba. Kalifoniya ta bi tata hanyar: a 2023 ta yi dokar da ta wajabta wa makarantu su tanadi aƙalla banɗaki ɗaya na kowa da kowa zuwa Yulin 2026. A Janairun 2025 kuwa ma'aikatar ilimi ta tarayya ta buɗe bincike a kan makarantun birnin Denba, saboda wata sakandare ta mayar da banɗakin 'yan mata na kowa, ta bar na maza yadda yake.

Wannan na ƙarshen ya cancanci a tsaya a kansa. Sau da yawa idan za a ƙirƙiri na haɗaka a tsohon gini, na mata ake ɗauka, saboda na maza cike yake da wuraren fitsarin tsaye da ba za a iya tarayya a kansu ba. Sai ka ga maza suna da nasu suna kuma da na haɗaka, mata kuwa sun rage da na haɗakar kawai.

Akwai tsarin da zai gamsar da kowa?

Babu. Wanda ya fi kusa, a ganina, shi ne a bar na mata da na maza a rabe, a ƙara ɗaki ɗaya ko biyu na mutum ɗaya da kowa zai iya shiga ba tare da an tambaye shi dalili ba. Ɗakin zai amfani yaro mai keken guragu, da mai lalurar ciki, da wanda ake tsangwama, da wanda aka haifa mata-maza, halittar da malaman fiƙihu suka daɗe da yin bayani a kanta a babin gado. Amma a san cewa wannan ma bai gamsar da Grimm ba. Makarantarsu ta tanadi irin waɗannan ɗakuna, shi kuma ya ce tilasta masa shiga can tamkar nuna shi da yatsa ne. Masu ƙorafin 'yan mata kuma ba za su yarda da abin da yake nema ba. A wannan gaɓar zanen gini ba ya raba gardama, dole doka ta zaɓi ɓangare, shi ya sa maganar ba ta fita daga kotu.

Mu a nan Arewa da Nijar, ina ruwanmu da wannan?

Babu wani uba a Katsina ko Maraɗi da ke neman a haɗa 'yarsa da maza a banɗaki, addini da al'ada sun riga sun rufe wannan babi. Sai dai kuma muna da banɗakin haɗaka birjik, wanda rashi ya haɗa ba manufa ba. Makarantar firamare mai ɗaruruwan yara da shadda biyu, ɗaya malamai sun sa mata kwaɗo, ɗayar ƙofarta ta ɓalle, wannan ai haɗaka ce. Inda babu ko ɗaya, bayan katanga ne na kowa. Yaro namiji zai juya baya ya yi fitsarinsa ya koma aji. Yarinyar da ta fara girma sai ta nemi izinin zuwa gida, kuma ba kullum take dawowa a ranar ba.

Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF ke amfani da shi wajen auna makarantun duniya ya fito fili a kan wannan. Ba a ƙirga makaranta cikin masu banɗaki na matakin farko sai banɗakin ya cika sharaɗi uku: ingantacce ne, yana aiki kuma ana iya shiga a rufe, sannan an ware na mata da na maza. Najeriya ta ɗaura aniyar kawo ƙarshen bahaya a fili zuwa 2025 da umarnin da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Nuwambar 2019, kuma Jigawa ce jiha ta farko da aka ayyana ta kai ga haka, a 2022. Amma gina rami daban, kula da shi daban. Banɗakin da aka yi bikin buɗewa da tanti da kujeru, idan babu mai zuba ruwa a tanki, zangon karatu ɗaya ya ishe shi ya koma kufai.

Idan kwamitin makarantarmu ya sami kuɗin gini, yaya za a raba?

Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2009 don makarantun ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ta ba da lissafi: masai ɗaya ga kowace 'yan mata 25, masai ɗaya da wurin fitsari ɗaya ga kowane maza 50, sai guda ga malamai mata, guda ga malamai maza. Makaranta mai mata 300 da maza 300 na buƙatar 12 na mata, 6 na maza da wuraren fitsari 6. Raba-daidai ke nan ba adalci ba ne, mata ke buƙatar kaso mafi tsoka.

Idan kuɗin bai kai nan ba, a fara da na mata. A gina shi nesa da na maza, ko aƙalla ƙofofin su ba wa juna baya, da ɗan bango a gaba don kada 'yan aji su riƙa ƙirga masu shiga. Kada a kai shi can ƙarshen fili kusa da ɓarakar katanga inda 'yan zaman kashe wando ke taruwa. A sa sakata ta ciki. Buta da ruwa su kasance a cikin ɗakin, ba a tsakiyar makaranta ba inda yarinya za ta ratsa jama'a riƙe da buta. A ajiye bokiti mai murfi don audugar mata, domin idan babu shi cikin rami za a jefa, ramin ya cika kafin lokacinsa. Makullin kuma a ba malama mace, ba maigadi ba.