Wakilin suna mai harshen damo

Wakilin suna mai harshen damo shi ne wanda zai iya komawa kan mutum fiye da ɗaya a cikin zance. A kasuwar Dole ta Zinder, idan aka ce "Habu ya gaya wa Sani an sace raƙuminsa", jimlar ba ta faɗi mai raƙumin ba. Mai sauraro ne ke cike gurbin da abin da ya sani: wa ke da raƙumi, wa ya zo hankali a tashe. In ana gudun ruɗani sai a ƙara suna, a ce "raƙumin shi Sanin".

Hausa tana rage wannan matsala da jinsi, don ta raba shi da ita, kai da ke. Barbarci, wanda ake ji sosai a Damagaram, bai raba ba: kalmarsa "shi" ta namiji ce, ta mace ce. Haka "a" na Zabarmanci da "o" na Fulatanci. Faransanci kuma yana da nasa tarkon, domin "son" da "sa" suna bin jinsin abin da aka mallaka, ba na mai shi ba. "Son livre" littafinsa ne ko littafinta, kuma mai fassara zuwa Hausa dole ya zaɓi ɗaya.

Yarbanci ya warware abin da Hausa ta bari. "Ó ní òun ń bọ̀" ("ya ce yana zuwa") na nufin wanda ya faɗa ɗin da kansa ne zai zo. In aka sa "ó" a gurbin "òun", wani ne daban. Masanin harshe Claude Hagège na Faransa ne ya raɗa wa wakilin suna irin "òun" sunansa na ilimi a 1974.

Sai dai ba kowane harshen damo ne aibi ba, kuma nan ne al'ada ta fi nahawu ƙarfi. Matar da ke kunyar sunan mijinta takan ce "ya fita" kawai, duk gidan kuma sun san wa take nufi. "Sun iso" na iya zama ayari, ko dattijo guda da ake girmamawa. Uwa takan ce "an fasa mini tulu" alhali yaron na tsaye gabanta, ta yi faɗan ba ta kunyata shi ba. Baƙon da ya koyi Hausa a littafi yakan tambaya, "Wa ya fasa?", tsakar gida ta yi tsit.