Waiwaye: yadda jarrabawa ɗaya ta zama ƙofar manyan sakandaren Niyok

A watan Maris na 2019 hukumar ilimi ta birnin Niyok ta fitar da sakamakon da ya tayar da ƙura. Cikin ɗalibai 895 da aka ba gurbi a makarantar Stuyvesant, baƙaƙen fata bakwai ne kacal. Wannan kuwa a birnin da baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka suka haura kashi 60 cikin ɗari na ɗaliban makarantun gwamnati.

Stuyvesant, wadda aka kafa a 1904, da Brooklyn Tech ta 1922 da Bronx Science ta 1938, makarantun gwamnati ne, ba a biyan ko sisi. Bronx Science kaɗai ta yaye mutum tara da suka ci kyautar Nobel. Shi ya sa ake rububinsu. Yara sama da 25,000 ke zaunawa jarrabawar shiga duk shekara, awa uku na Turanci da lissafi, kuma da makin ranar kaɗai ake yanke hukunci. Ba ruwan kowa da sakamakon aji ko shaidar malami.

Tushen wannan tsari yana 1971. Shugaban makarantun birnin, Harvey Scribner, ya ce zai sa a bincika ko jarrabawar tana tauye baƙaƙen fata da 'yan Fotoriko. Kafin binciken ya je ko'ina, 'yan majalisar jiha biyu daga Bronx, Burton Hecht da John Calandra, suka yi wuf suka kai ƙudurin da ya mayar da jarrabawar doka. Tun daga nan magajin gari ba shi da ikon taɓa ƙofar waɗannan makarantu uku sai da yardar majalisar da ke Albany, babban birnin jihar. Dokar ta bar wata 'yar kafa mai suna Discovery, ta yaran talakawa da suka gaza kaiwa makin da kaɗan: su yi karatun hutun bazara, a ɗauke su. Amma manyan makarantun sun yi shekaru sun jingine ta.

Abin da ake yawan mantawa shi ne, da wannan jarrabawar ce baƙaƙen fata suka kai kusan kashi 10 na Stuyvesant a shekarun 1970, kuma a ƙarshen shekarun 1980 su da 'yan Latin sun kai rabin Brooklyn Tech. To me ya canza? Azuzuwan yara masu hazaƙa da ke ƙananan makarantun unguwanninsu ne suka riƙa ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. A lokaci guda baƙin haure daga Sin, Koriya da Bangladash suka cika unguwannin Flushing da Sunset Park, cibiyoyin darasin kuɗi suka bunƙasa. Iyaye da yawa a cikinsu masu ƙaramin ƙarfi ne, direban tasi ko mai aikin gidan abinci, amma sukan ƙuntata wa kansu su biya wa yaro darasin Asabar tun yana firamare.

Gwamnatin birni ta gwada jawo yara. A 1995 ta buɗe darasin share fage kyauta, wanda ya koma DREAM a 2012. Zamanin magajin gari Michael Bloomberg an ƙara makarantu biyar masu ɗauka da jarrabawar, suka zama takwas. Daga baya aka kai jarrabawar wasu makarantu a ranar karatu, don kada nisa ya hana yaro zuwa. Alƙaluman ba su motsa sosai ba. A ganina ba abin mamaki ba ne: giɓin da aka fara haƙawa tun aji ɗaya ba ya cikewa da darasin 'yan watanni a aji bakwai.

A 2012 asusun shari'a na NAACP, mai kare haƙƙin baƙaƙen fata, ya kai ƙorafi ma'aikatar ilimi ta tarayya. A Yunin 2018 magajin gari Bill de Blasio da shugaban makarantun birnin Richard Carranza suka nemi a soke jarrabawar a hankali, a riƙa ɗaukar kashi 7 na sama daga kowace ƙaramar sakandare. Mai karatu a Najeriya zai tuna da cece-ku-cen makin shiga makarantun haɗaka na tarayya, inda kowace jiha ke da nata. Iyaye 'yan asalin Asiya suka fito zanga-zanga, suna cewa ba a ko tuntuɓe su ba, kuma 'ya'yansu ne za su biya kuɗin gyaran. Ƙudurin ya mutu a Albany.

Abin da de Blasio ya iya yi da ikonsa shi ne faɗaɗa Discovery zuwa kashi 20 na gurabe, tare da keɓe shi ga makarantun da talauci ya yi wa katutu. Shi ma aka kai shi kotu a Disambar 2018, kuma a 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta farfaɗo da shari'ar. A 2024 ɗin baƙaƙen fata goma suka samu gurbi a Stuyvesant, kuma a Disamba hukumar birnin ta amince da kwangilar kusan dala miliyan 17 da kamfanin Pearson don mayar da jarrabawar kan kwamfuta.