Wiwi "oto": abin da kalmar ke nufi, da abin da ake laƙaba mata

Tun da tallan irin wiwi ya fara faɗo wa samarinmu a Facebook da TikTok, kalmar "oto" ta shiga bakin mutane daga Garwa har Marwa a Arewacin Kamaru. Masu Faransanci su ce otofuloreson, masu Ingilishi su ce otofulawa. Rannan ina zaune wajen mai shayi, rediyo na kunne, sai ga wani mai sharhi yana rantsuwa wai sabuwar wiwi ce da aka yi wa allura a ɗakin gwaji don a haukatar da yaranmu. Wani dattijo a gefena ya ce, "Ɗana, ai daga jin sunan ka san da inji ake nomanta, tunda oto mota ce." Na ce, "Baba, kun fi mai rediyon kusa da gaskiya."

Kalmar daga Girkanci take, ma'anarta "da kansa". Mota ta samu sunan ne don tana tafiya babu doki a gabanta. Tsiro "oto" kuwa shi ne wanda ke yin fure idan shekarunsa, ko in ce makonninsa, sun kai, ba tare da ya jira yanayi ya ba shi izini ba.

Duk wanda ya taɓa riƙe fartanya ya san wannan, suna ne kawai bai sa masa ba. Dubi gero da maiwa. Gero lissafin kwana yake yi: ka shuka da ruwan farko, cikin wata uku ya nuna, shi ya sa yake fitar da gida daga yunwar tsakiyar damina. Maiwa kuwa ko ka riga kowa shuka, sai ta yi ta tsawo tana jira, ba za ta fid da kai ba sai damina ta doshi ƙarewa, lokacin da dare ya fara tsawo. Haka dawarmu ta gargajiya take. Maƙwabta biyu su shuka da tazarar mako uku, amma su yi girbi kusan tare. Kakanninmu sun zaɓi irin nan da gangan, don hatsi ya nuna bayan ɗaukewar ruwa, kada ya yi fumfuna a kan kara. Sai a 1920 wasu masana biyu a Amurka, Garner da Allard, suka bayyana wannan ɗabi'a a rubuce, kuma a kan ganyen taba suka yi gwajinsu. Daga baya aka gane tsawon duhu tsiron ke aunawa.

To wiwi ta asali maiwa ce, "oto" kuma gero. Iyakar zancen ke nan.

Ɗabi'ar ta fito ne daga wata wiwin daji, gajeriya, da masanin tsirrai Janischewsky ya siffanta a 1924 a kudancin Rasha, ya kira ta ruderalis, daga kalmar Latin mai nufin ɓaraguzai. Ciyawar kufai ke nan. A can rana kan kai awa 16 a lokacin zafi, sanyi kuma ya sauko da wuri, don haka tsiron da ya tsaya jiran dogon dare ƙanƙara za ta kashe shi kafin ya yi iri. Abin da zai ba mai rediyo kunya shi ne, wannan ciyawa ba ta da sinadarin THC mai bugarwa sai ɗan kaɗan. Masu haɗa iri ne suka yi ta barbararta da nau'o'in da ke bugarwa, har aka samu wata wiwi "oto" mai suna Lowryder a farkon shekarun 2000, wadda ta buɗe kasuwar. Barbara ce irin wadda ake yi wa masara da auduga, babu allura a ciki.

Ni abin da ke ba ni haushi shi ne yadda ake sayar wa ɗan Marwa maganin matsalar ɗan Rasha. Mu nan muna kusan digiri 10 ne daga tsakiyar duniya, darenmu bai cika nisa da awa 12 ba duk shekara. Dogon yinin da ya sa Bature ke biyan kuɗi don "oto" mu ba mu san shi ba. Sunan ne kawai ke da daɗin faɗi, kamar sabuwar waya.

Akwai kuma masu yaɗa cewa tunda jikar ciyawar daji ce, doka ba ta hau kanta ba. Dokar Kamaru ta 1997 kan miyagun ƙwayoyi ta hana noman wiwi, ba ta ware gajeriya ko mai saurin fure ba. Jandarman da ya tarar da banga, wato wiwi, a bayan gidan mutum ba zai tambaye shi ko da kanta ta yi fure ba.