Ba a ga gawa ba, ba a ga albashi ba: waiwaye kan haƙƙin iyalan ma'aikatan da suka ɓata

Duk ranar 30 ga Agusta, ranar da duniya ta keɓe don tunawa da waɗanda suka ɓata, sai maganar ta sake tasowa a gidajen rediyo: malamin firamare da aka tare a hanya, ma'aikacin lafiya da ya tafi ƙauye rigakafi bai dawo ba, ɗan sanda da aka nema ko sama ko ƙasa. Wasu na cewa a ci gaba da ba iyali albashi har a san gaskiya. Wasu na cewa a ɗauki babban ɗa aiki a gurbin uban. Wasu kuma na tsoron ƙofar da hakan zai buɗe wa masu cin albashin bogi. Ana maganar kamar tare da 'yan bindiga ta zo, alhali ta girme su.

Malamanmu sun daɗe da sanin mas'alar ɓatacce. A mazhabar Malikiyya, matarsa ta kai ƙara gaban alƙali, a ba ta shekara 4, sannan ta yi takaba wata 4 da kwana 10; dukiyarsa kuwa ba a gaggawar raba ta. Dokar shaida da muka gada daga Turawa, wadda aka sabunta a 2011, tana ɗaukar mutum ya mutu ne idan an yi shekara 7 ba a ji ɗuriyarsa ba. Dokar fansho ta 1979 kuma daga baitulmali take biyan fansho da giratuti. Ƙofa ɗaya ce, ko da yake layinta ya yi tsawon da tsofaffi suka riƙa faɗuwa a kansa.

A ganina wurin da ya kamata a tsaya shi ne 2004, shekarar da aka kawo tsarin fansho na karo-karo. A lokacin hankalin kowa yana kan bashin 'yan fansho da kuma kashi 7.5 da za a riƙa yanka a albashi. Ba wanda ya damu da ɗan gajeren sashen da ya yi magana kan ma'aikacin da ya ɓata. Sashen ya ce idan aka shekara ɗaya daga ranar da aka bayyana ya ɓata ba a gan shi ba, kuma kwamitin bincike ya gamsu cewa a hankalce ya mutu, to a bi da haƙƙinsa kamar na mamaci. Dokar 2014, wadda ta ɗaga gudummawar zuwa kashi 8 daga ma'aikaci da kashi 10 daga mai ɗaukar aiki, ta riƙe wannan tanadi.

Shekara ɗaya maimakon 7, ai wannan sauƙi ne. To amma sai a duba inda kuɗin ya koma. Wani kaso yana cikin asusun ajiyar ma'aikacin a hannun kamfanin kula da fansho. Wani yana wurin kamfanin inshora, domin dokar ta wajabta inshorar rai da ba ta gaza ninki 3 na albashin shekara ba. Wanda ya fara aiki kafin 2004 kuma yana da haƙƙin shekarun baya a wata ma'ajiya daban. Ƙofa ɗaya ta zama uku, kuma mabuɗinsu duka mutuwa ne. Inshora ba ta biya sai an tabbatar da rasuwa. Asusun ajiya ba ya buɗuwa sai da wasiyya da kotu ta amince da ita ko takardar kula da dukiyar mamaci, ita ma ba a bayar da ita kan mai rai.

Sannan shekara ɗayar nan ba ta fara ƙirguwa sai an bayyana mutum ya ɓata, kuma iyali ne kan fara kai rahoto. A nan aka manta da halin mutanenmu. Wanda ake cinikin kuɗin fansarsa a ɓoye, wa zai je ya rubuta sunansa a ofis? Matar da albashin nan ne abincin 'ya'yanta, ta yaya za ta kai maganar da za ta sa a tsayar da shi? Ga kuma nauyin baki: neman takardar da ke cewa maigida ya mutu, a idon dangin miji, kamar fatan mutuwarsa ne.

Wani abin da 2004 ya bari shi ne rarrabuwar hanya. Dokar ta tarayya ce, kowace jiha sai ta yi tata. Jigawa da Kano sun bi nasu salon na karo-karo, wasu jihohin suka zauna kan tsohon tsari. Malaman firamare da ma'aikatan ƙananan asibitoci, waɗanda su ne ke kwana a ƙauyuka, ba ma'aikatan tarayya ba ne. A 2011 aka fitar da sojoji daga tsarin, 'yan sanda suka ci gaba da zama a ciki. Ke nan mutum biyu za su iya ɓacewa a daji ɗaya rana ɗaya, iyalansu su kama hanyoyi daban.

Da rikicin arewa maso gabas ya yi ƙamari, sai aka ga ɓarakar a fili. A Agustan 2014, lokacin da Gwoza ta faɗi, an kai hari makarantar horar da 'yan sandan kwantar da tarzoma da ke kusa da garin, aka nemi jami'ai sama da 30 aka rasa. Bama ta biyo baya a Satumba, ma'aikata suka watse, takardu suka ƙone. A 2019 ƙungiyar agaji ta Red Cross ta ce tana riƙe da sunayen mutum kusan 22,000 da suka ɓata a Najeriya. Sashen da aka rubuta don abin da ke faruwa jefi-jefi sai ya zama na kullum.

Tantance ma'aikata ya ƙara ɗaure igiyar. Don kama ma'aikatan bogi ake sa kowa ya zo da kansa ya dangwala yatsa, kuma a ƙa'idar aikin gwamnati rashin zuwa aiki ba izini babban laifi ne da kan kai ga kora. A takarda, wanda ke hannun 'yan bindiga da wanda ya gudu daga aiki kamanninsu ɗaya.

Na taɓa raka wata maƙwabciyarmu wani ofis, ta rungume fayil a cikin leda ƙarƙashin hijabi: takardar ɗaukar mijinta aiki, hotonsa, da takardar albashin watan ƙarshe. Yaron da ke kan teburin ya tarbe ta da ladabi, ya ce, "Hajiya, ina takardar shaidar mutuwa?" Ta dube shi ta ce, "Ɗan nan, wa ya ce maka ya mutu?" Ya sunkuyar da kai. Fom ɗin da ke gabansa gurbi biyu gare shi, na mai ritaya da na mamaci.

Batun ba ɗa aiki kuwa babu shi a dokar fansho. Idan ya faru, alfarma ce, mai ƙafa ya samu, mara ƙafa ya koma gida. Masu neman a mayar da shi ƙa'ida kan ba da misalin Indiya, inda iyalin ma'aikacin gwamnatin tarayya da ya ɓata ke iya fara karɓar fansho bayan wata 6 da kai rahoto ga 'yan sanda, a kuma duba ɗaukar ɗaya daga cikinsu aiki bayan shekara 2, ba tare da an sa su ce ya mutu ba. Suna sa hannu ne kan alkawarin cewa idan ya dawo, za a cire abin da aka biya daga haƙƙinsa.