Waiwaye: yadda gidan bakin kogi ya hau bangon falonmu

Kwana biyu ana ta cacar baki a nan Katsina kan hoton nan da ake mannawa a bangon falo, ƙaton gida fari tas a bakin kogi, ciyawa kore shar, ga kwalekwale a gefe. Wasu na cewa raina namu ne kawai, ga Gobarau ga rijiyar Kusugu amma sai gidan Bature. To abin ba jiya ya faro ba.

Zana gidan gonar masu hali tsohon abu ne. A ƙasar Sin Wang Wei ya zana nasa na bakin kogin Wang tun ƙarni na 8, na asalin ya ɓata sai kwafi. A Ingila John Constable ya zana Wivenhoe Park a 1816, mai gidan ne ya sa shi aikin, shanu a bakin ruwa, masunta cikin jirgi suna jan taru, gajimare ya cinye kusan rabin zanen, kuma wallahi ya iya. Mu kuwa magina ke yi wa bangonmu ado da laka, dagi da sauransu, har siminti ya zo.

Amma inda ba a cika waiwaya ba shi ne shagon mai hoto. Duk wanda ya yi yarinta kafin waya mai kyamara ya san labulen nan da ake ratayawa a baya, an zana bene da fenti, kogi shuɗi, wani lokaci har da gada da mota, ran Sallah a yi layi da sabon ɗinki kowa na jiran ya tsaya gaban gidan da ba nasa ba. Ni da Yaya mun tsaya, mai hoton na cewa "ɗago kai yaro, kar ka motsa", ni kuma hankalina na kan kogin da ke bayana, ƙasan labulen duk ya yi datti saboda takalman yara. Nan idonmu ya saba da cewa haka arziki yake, gida a bakin ruwa. Kuma mutumin da ya sha zafin Afrilu yana jiran mai ruwa da kura, ai ba sai an roƙe shi ya so hoton kogi ba.

Ga kuma batun hoto mai rai, gidaje da yawa ba a yarda a rataye shi, amma gida da ruwa da itatuwa ba mai cewa uffan. Shi ya sa da bugaggun hotuna masu arha suka cika kasuwa ba su sha wahala ba, sun tarar an riga an share masu wuri.

Namu na Sallar yana nan a ɗakin Inna cikin firam, kogin ya koɗe ya koma kamar ruwan kanwa.